Iliya Mai Wanki da Farin Yadin Eunice

Duk wanda ya taɓa kai wa Malam Iliyasu wanki a Birnin Kudu ya san ba a ajiye masa ƙullin kaya a juya a tafi. Dole ka tsaya. Zai kwance ƙullin a gabanka, ya ɗaga kowace riga ya duba ta a hasken rana, ya zazzage aljihunta, in bai gamsu ba har ya shinshina wuyanta. Idan ka ce kana sauri, sai ya miƙo maka kayanka ya ce, "To riƙe, in ka gama saurin ka dawo." Mutane suna mita, amma suna dawowa, don a unguwar babu mai fitar da farar shadda kamarsa.

Iliya mai wanki kowa yake ce masa. Asalinsa mutumin Gwaram ne, ɗan manomi. Yayansa Buba ya koyi rini tun suna yara, shi kuwa Iliya bai riƙe wata sana'a ba sai da ya fara zuwa cin rani Kano yana saurayi. A can wani tsoho mai wanki ya ɗauke shi, ya koya masa yadda ake jiƙo da bugu, da yawan bular da farin kaya yake so, da yadda ake hura dutsen guga na gawayi ba tare da toka ta zuba a kan riga ba.

A Kanon ne abin da ya mayar da shi yadda yake ya faru. Wata rana maigidan nasa ba ya nan, wani mutum mai kyawun shiga da ƙamshin turare ya kawo manyan riguna masu aiki, ya ce a wanke a goge, jibi zai aiko. Iliya ya yi ta murna ya samu babban mutum. Kayan suna kan igiya 'yan sanda suka zo tare da wani ɗan kasuwa da aka fasa wa shago, ya nuna rigunan ya ce nasa ne. Mai ƙamshin turare ba a ƙara ganinsa ba. Iliya aka tafi da shi. Sai da Buba ya zo tun daga Gwaram, shi da tsohon suka yi ta sintiri, kafin aka yarda cewa shi Iliya wanki kawai aka ba shi. Da ya fito bai ƙara kwana a Kano ba. Ya yi damina ɗaya a gida, sannan ya gangaro Birnin Kudu, inda ya ji akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu neman wanda zai riƙa yi musu wanki.

Ya kafa rumfar kwano a gindin wata darbejiya, kusa da rijiya, inda akwai falalen dutse mai santsi da ya dace da bugu. Ya auri Ummussalma, 'yar Kiyako, mace mai yawan dariya wadda ba ta taɓa ɗaukar zargin mijinta da zafi ba. Da damina yakan noma gero da gyaɗa a wata 'yar gona da surukinsa ya ba shi. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar da babbarsu Khairiyya a Yalwan Damai. Shekaru suka tafi a haka, hannunsa ya yi kanta, gemunsa ya yi fari, kuma har ranar da nake ba da labarinta bai taɓa karɓar kayan mutumin da bai san gidansu ba.

Eunice kuwa ya san gidansu. Mahaifinta Malam Jonah mutumin kudancin Kaduna ne da ya daɗe yana koyarwa a garin, Iliya ya sha goge masa rigunan zuwa coci. Ita a Birnin Kudu aka haife ta, Hausarta ba ta da bambanci da ta kowa. Tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tana kuma karatun digiri na biyu. Wata safiya ta sauko daga acaɓa da jakar leda a hannu.

"Baba Iliya, sannu da aiki."

"Yauwa, 'yar Malam Jonah. Ya jikin tsohon?"

"Da sauƙi, gwiwa ce kawai. Aiki na kawo maka."

Ya karɓi jakar ya zazzage a kan tabarma. Farin yadi ne na auduga, sabo fil, an yayyanka shi gida-gida, kowanne bai wuce girman ɗankwali ba. An daje bakin wasu da jan zare, wasu da shuɗi, wasu da baƙi, kuma a kusurwar kowanne an bar zaren yana lilo. Ya ɗaga ɗaya a rana. Ya juya shi. Ya kai hanci.

"Ina dattin?"

"Babu datti, Baba."

"To me zan wanke?"

Ta zauna a kan bencinsa ta yi masa bayani. Ta ce a asibiti zanen gado da rigar da ake sa wa majinyaci suna ɗaukar ƙwayoyin cuta daga jikin wannan su kai wa wancan. Karatun da take yi shi ne yadda za a shafa wa yadi wani sinadari da zai riƙa kashe su. Shafawar ba ita ce wahala ba, in ji ta, wahalar ita ce abin ya zauna a jikin yadin ko an yi ta wanke shi. A makarantarsu akwai injin wanki na gwaji, amma zanen gadon ƙauye ba inji ne ke wanke shi ba. Tana so ya wanke kamar yadda yake wanke kowane zanen gado: ruwan rijiya, omo, bugu a kan dutse, shanya a rana, guga. Haifo, ruwan nan mai ƙara wa kaya fari, shi ne kawai kada ya sa.

"Duka an shafa musu maganin?"

"Wasu an shafa, wasu ba a shafa ba."

"Waɗanne?"

"Wannan ba zan gaya maka ba, Baba. Malamina ya ce kada mai wankin ya sani, don kada ya tausaya wa wasu."

Iliya ya ajiye yadin a kan tabarma. Don darajar ubanta ya karɓa, amma tana hawa acaɓa ya sa tsinke ya mayar da yadin cikin leda, ya rataye ta a reshen darbejiya, nesa da kayan mutane.

Da ya ba Ummussalma labari sai ta bushe da dariya. "Malam, an kawo maka aikin da ya fi kowanne sauƙi, kana tsaki. Ka tsoma a ruwa ka shanya mana."

"Ke ba ki gani ba ne. Farin yadi, an yayyanka, ba ɗinki. Kuma a ce wai kada in san wanne ne wanne."

"Yarinyar da ta tashi a gabanmu?"

"Mutum a gabanka yake tashi ya canza."

Wankin farko da sanda ya yi shi, yana juya yadin a baho kamar mai tuƙa tuwo. Da Eunice ta dawo karɓa, sai ta yi abin da ya ƙara dagula masa lissafi. Ta fito da ɗan almakashi, ta yanki ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu daga kowane yadi, ta sa kowanne a 'yar ledarsa. Sannan ta kama zaren nan mai lilo ta ƙulla shi sau ɗaya. Ta miƙo masa sauran.

"A sake wankewa, Baba."

"Wanda na wanke yanzu?"

"Shi ɗin."

Haka aka ci gaba. Ya wanke, ta zo, ta yanka, ta ƙulla, ta bar masa. Ƙulli yana ƙaruwa a jikin zare. Masu zama a rumfarsa suka lura. Mai shayin da ke tsallaken hanya ya ce shi dai farin yadi irin wannan abu ɗaya yake tuna masa, kuma ba zai faɗa ba. Wani ya ce ya ji ana sa wa kaya maganin hana haihuwa, ta fata yake shiga. Wani ya ce a'a, ƙullin ne abin dubawa, don duk inda aka ga ana ƙulla zare ana yankar ƙyalle, to akwai wanda ake nufi. Iliya bai ce musu komai ba, ba ya son a ɗauki magana daga bakinsa. Amma ya fara duba tafin hannunsa kowace safiya, ya kuma ware baho ɗaya da igiya ɗaya ya ce na yadin Eunice ne kaɗai.

Wata Juma'a ya yanki nasa ƙyallen daga mai jan zare, ya naɗe a takarda, ya hau mota zuwa Gwaram.

Buba ya tsufa. Ramukan karofin da ya gada daga wanda ya koya masa rini sun cike da ƙasa, saura 'yan kaɗan, yanzu a durom yake rina zannuwan mata da galurar kanti. Amma hannunsa har yanzu shuɗi ne zuwa gwiwa. Bayan sun gaisa sun ci abinci, Iliya ya warware takardar ya ba shi labari tun daga farko.

Buba ya murza ƙyallen tsakanin yatsunsa. Ya ɗana shi a kan harshe ya tofar. Ya zare zare ɗaya ya kunna masa ashana ya kalli tokar. Daga nan ya tsoma ragowar a ruwan rini ya ɗaga, suka ga launin bai kama shi daidai ba, wani wuri ya ci, wani wuri ya ƙi.

"An sa masa wani abu, wannan gaskiya ne," in ji Buba. "Ba sitaci ba ne, ba ƙaro ba ne. Ban san shi ba."

"Yaya, zai cuci mutum?"

"Ina zan sani? Ni dai abin da ban sani ba ba na sa masa hannu sai na dafa shi. Kanwa da ruwan zafi ba su barin komai a jikin auduga."

"Ta ce in wanke kamar yadda na saba."

"Ta ce kada ka dafa?"

Iliya ya yi tunani. "Haifo kawai ta hana."

"To."

Ya dawo Birnin Kudu da ƙullin jar kanwa. A satin Eunice ta kawo sabon yadi, ta ce ta gyara haɗin, wannan shi take sa wa rai. Tana tafiya ya ɗora tsohuwar tukunya a bayan rumfa, ya zuba kanwa, ya bar yadin ya tafasa sosai. Sai da ya huce ya ɗauraye, sannan ya yi masa wanki da hannunsa, hankalinsa kwance. Tun daga ranar duk yadin da ta kawo sai ya fara bi ta tukunya.

Ba a daɗe ba ya ga Eunice ta canza. Ta daina tsayawa hira. Takan zo fuska a ɗaure, idonta ya faɗa kamar marar barci. Wata rana bayan ta yanki ƙyallenta, sai ta ɗaga yadin a rana, ta juya shi, ta kai hanci.

"Baba, kamar yadda na ce kake yi?"

"Wanki nake yi."

"Ba ka sa haifo?"

"Kin ji warinsa?"

"A'a." Ta ƙara dubawa, tana bin ɗinkin bakin yadin da farce. "Kuma nawa ne wannan? Ba a musanya ba?"

Ran Iliya ya ɓaci. Shekara nawa yana wanki a garin, ko hankici bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya ce mata in tana zaton ɓarawo ne ta kwashe kayanta. Ta ce ba haka take nufi ba, ta tafi. Shi kuwa sai ya ƙara tabbata akwai wani abu: in da gaskiya a lamarin, me zai sa ta rame haka, me zai sa ta fara tuhumar mutane?

Ita ma a nata ɓangaren ba ta yarda da shi ba. Ƙyallen da ta ajiye a ɗakin gwaji, wanda bai ga ruwa ba, yana kashe ƙwayoyin cuta yadda ake so. Wanda ta wanke da kanta a gida ma yana yi. Amma a sabon yadin nan, duk wanda ya fito daga hannun Iliya, tun wankin farko, sai ya zama kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Har ta fara tunanin ko yana sayar da nata ya sayo alawayyo a kasuwa ya daje.

Wata rana da ba ranar zuwanta ba ce sai ta zo, da sassafe, a ƙafa, ta bayan rumfa. Ta tarar da shi a tsugune yana iza wuta, farin yadinta yana birkiɗa a cikin ruwa mai launin ƙasa-ƙasa.

Ta matso ta leƙa tukunyar.

"Mene ne a ciki?"

"Kanwa."

"Tun yaushe?"

"Tun sabon da kika kawo."

Ta zauna a kan dutsen bugu ta dafe kai. Can ta ɗago. Ta ce hodar da take shafawa sai an yi odarta daga nesa, wadda ta rage mata ba ta taka kara ta karya ba. Ta ce ta riga ta gaya wa malaminta haɗin bai yi ba, har ya ce ta sake tunani a kan aikin gaba ɗaya. Wata da watanni ke nan a banza.

"Me na yi maka, Baba?"

Ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Ni zan tambaye ki. Me ya sa kike ƙulla zare? Me ya sa kike yankar ƙyalle ki ɓoye a leda? Ina kike kaiwa? Me ya sa ba a so in san wanda aka sa wa magani, alhali hannuna ne zai shiga ciki?"

Ta buɗe baki tana kallonsa. "Tsafi kake zaton ina yi?"

"Ban ce ba."

"Ƙullin don in san sau nawa aka wanke ne. Alƙalami gogewa yake yi a ruwa." Ta share ido da bayan hannu. "Da 'yar wani Alhaji ce ta kawo, haka za ka yi mata?"

"Da uwar da ta haife ni ce ta kawo, sai na dafa."

Ummussalma ta iso da kokon safe a daidai lokacin, ta ji ƙarshen maganar. Ta ajiye kwanon, ta dubi tukunya, ta dubi mijinta, wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Malam, ka tambayi Gwaram, ka tambayi mai shayi, mai abu ce kawai ba ka tambaya ba." Ta juya wajen Eunice. "Ke ma 'yata, kin san halinsa. Ki kai shi ya ga inda kike yin abin nan da idonsa. In ba haka ba, ko shekara za ku yi a haka za ku ƙare."

Eunice ta nemi izini a wurin aikinta, aka ba ta. Iliya ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya bi ta, yana taka tayil ɗin ɗakin kamar mai tsoron ya fashe. Ta nuna masa wata farar hoda a kwalba. Ta ce irinta ce ake sawa a man da ake shafa wa jarirai idan kunzugu ya ci musu fata, sai dai wannan an niƙa ta fiye da yadda ido zai gani. Ta nuna masa yadda take dama ta da wani ruwa mai ɗanko da ɗan tsami irin na lemo, ta tsoma yadin, ta bi da shi tsakanin wasu ƙarafa biyu masu juyawa su matse shi, ta busar, sannan ta gasa shi a wani murhun lantarki don ɗankon ya kama zare.

"Kamar rini ke nan," in ji shi.

"Kamar rini, sai dai ba launi."

"Rinin da ba a gani." Bai ji daɗin wannan ba.

Sai ta ɗauko wasu 'yan farantai na gilas masu murfi. A cikin kowanne akwai wani abu kamar daskararren kunu, saman ya yi fari-fari da ɗigo-ɗigo, a tsakiya kuma ga ɗan ƙyalle a kwance. Ta ce ɗigon nan su ne ƙwayoyin cutar, an ba su abinci sun hayayyafa har ido yana ganin taronsu.

"Daga ina kika samo su?"

"Daga gyambon majinyata."

Iliya ya ja da baya har ya bugi kujera. Ta ce a rufe suke, kuma ba su taɓa zuwa kusa da yadin da take kai masa ba, sai bayan ta yanko ƙyallen take haɗa su. Ya matso a hankali, hannayensa a baya. A faranti na farko, kewayen ƙyallen fes yake, ɗigon sun tsaya nesa da shi kamar an shata musu iyaka. A na biyu sun rufe ko'ina, har sun hau kan ƙyallen.

"Wannan shi ne wanda ka dafa."

Ya daɗe yana kallon na farkon. Eunice ta zaci ya gamsu. Sai ya ce, "Abin da ya hana waɗannan matsowa, ni me zai yi mini?"

"Fata ba ta jin sa. An daɗe ana shafa shi a jiki."

"Wanda ke fita a ruwan wanki fa? Ruwan nan gindin darbejiya yake bi. Awakin maƙwabta suna sha. Rijiya ga ta nan kusa."

Ta ajiye farantin. "Wannan ban sani ba tukuna, Baba. Ina jin kaɗan ne ke fita, amma ban auna ba. Ya kamata in auna."

Daga baya ya gaya wa Ummussalma cewa duk abin da aka nuna masa a ɗakin nan, wannan "ban sani ba" ɗin ce kaɗai ta kwanta masa, don mai son cutar ka komai ka tambaye shi yana da amsa.

Ya yarda su sake aikin, amma da sharaɗi. Wankin farko na kowane sabon yadi tare za su yi, ta sa hannunta tsirara a baho kamar yadda zai sa nasa. Ruwan kuma ba zai ƙara zubar da shi a fili ba. Ya haƙa rami can nesa da rijiya, ya rufe shi da tsohon kwano. Ita kuma ta ce tukunyar nan a mayar da ita gida, kuma za ta riƙa zuwa ranar da ta ga dama ba sanarwa. Ya ce ta zo. Har yanzu ba ta gaya masa wane zare ne mai magani ba, ya kuma daina tambaya, ko da yake Ummussalma ta ce ta sha kama shi yana murza su ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya fi kauri.

Haka aka riƙa ganin 'yar Malam Jonah a tsugune a bakin rijiya, ta naɗe hannun riga, tana cuɗa farin yadi kusa da Iliya, tana ɗibar ruwan ɗauraya a kwalba. Mai shayi ya ce lallai an gama da tsohon. Iliya ya daina shan shayinsa.

Aikin bai tafi sumul ba. Haɗin da take sa wa rai ya jure wanki na ɗan lokaci, sannan iyakar nan da ke kewaye ƙyalle ta fara tsukewa har ta ɓace. Bugun dutse yana cin sa. Ta ƙara ɗanko, sai yadin ya yi tauri kamar buhu, Iliya ya ce ko mai lafiya ba zai kwanta a kai ba. Ta rage, ta ƙara zafin gashi, yadin ya ɗan yi ja-ja kamar ya kwana a hayaƙi. Wannan ne ya fi daɗewa. Ya ci damina guda yana shan wanki, zaren kusurwarsa ya cika da ƙulli har babu wurin ƙara wani, kuma ƙarfinsa bai ƙare ba, ya dai ragu. Ruwan wankin ma ta auna, ta zo ta gaya masa abin da ke fita ba shi da yawa, kuma a wankin farko-farko ya fi fita. Ya ce to, amma bai cike ramin ba.

Ta gama karatun. Malamanta sun yaba, sun kuma ce hodar tana da tsada, sai an samu masu masaƙa sun shigo ciki kafin a ga irin wannan zanen a gadon asibiti. Har yau ba a kai ga haka ba. Bayan wani lokaci ta samu gurbin ƙarin karatu a Zariya. Iliya bai taɓa ce mata ta yi haƙuri da zancen tukunya ba. Ana gobe za ta tafi dai ya aika Ummussalma gidansu da kwaryar gyaɗa daga gonarsa. Ita kuma ta aiko masa da babban zanen gado guda, cikakke, wanda ta yi da ragowar hodar, ta ce wannan kam mai magani ne, ta faɗa masa.

Ya ninke shi ya sa a ƙasan akwati.

Da bazara Khairiyya ta zo gida wankan jego da jaririyarta. Zafi ya yi yawa, ƙuraje suka feso wa yarinyar a wuya da baya. Ummussalma ta buɗe akwati ta ɗauko zanen ta ce a shimfiɗa mata, ai don irin wannan aka yi shi. Iliya ya karɓe daga hannunta.

"Ba a kan jikata za a fara ba."

"To a kan wa? A akwati zai tsufa?"

Ya shimfiɗa shi a kan nasa gadon. Ya kwana a kai har bazara ta wuce, damina ta shigo, lokacin da kowace shimfiɗa a gidan take tashi da warin gumi da danshi. Khairiyya ta koma ɗakinta a Yalwan Damai, ƙurajen sun warke da hodar kanti. Wata safiya Ummussalma tana kakkaɓe gadonsa ta kai zanen hanci, ta ƙara kaiwa, ta kira shi.

"Malam, zo ka ji. Wannan ba ya wari kamar sauran."

Ya karɓa ya shinshina sosai, gefe da tsakiya.

"Ko dai hancinmu ne ya tsufa," ya ce.

"In sun zo da Sallah zan shimfiɗa wa yarinyar."

"Bari dai a ga wata daminar."

Ya saɓa zanen a kafaɗa ya fita rumfa, don akwai kayan wani malamin makaranta da ya jiƙa tun asuba.